Ginshiƙi na Tara

Shekara ashirin da shida Kawu da Bahago suka yi suna haɗa akwatin zuba kankare tare. In za a kafa ginshiƙin gada, masu ɗaurin rodi su gama nasu su sauko, sai su biyun su kewaye ƙarfen da katako, su ɗaure shi tamau, a zuba kankare a ciki. In ya kwana uku ya kama jikinsa, su ɓamɓare katakon su matsa gaba. Kawu ne mai awo da fensir a kunne. Tun yana matashi ma'aikata suka laƙaba masa sunan saboda yawan nasiharsa, har ya bi shi zuwa furfura. Bahago kuwa mijin ƙanwarsa ne. Da hagu yake riƙe guduma, shi ya sa in suka sa akwati a tsakiya babu mai tare wa wani hannu.

Aikin da ya kai su bakin kogin nan gada ce mai ginshiƙi tara, tafiyar yini guda daga gida. Ruwa ya janye a lokacin, sai wata 'yar kwata da ake tsallakawa a kan falanki biyu. Kafintoci shida ne, suna kwana a ɗaki guda na kwano, gadaje shida a jere, kowa da ƙusar rataye rigarsa. Sun gama ginshiƙi uku ke nan sai ga manyan motoci biyu ɗauke da akwatunan ƙarfe, da mutanen da suka iya haɗa su. Abin da kafintoci shida ke yi a kwana biyar, waɗannan suka yi shi kafin la'asar, da injin ɗaga kaya da noti da sifana.

Bahago ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"To, mutumina," ya ce, "an yi mana ƙane da ya fi mu ƙarfi."

Washegari Injiniya ta aika a kira Kawu. Mace ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ba ta da hayaniya, ofishinta kwantena ce mai taga ɗaya da fanka.

"Baba, zauna," ta ce. Ta juya masa takardar zane. "Na taran nan ne ya gagare mu. Yana jingine da dutsen tsallake, ƙarfe ba zai zauna a wurin ba. Dole sai katako. Amma kafinta ɗaya aka yarda in riƙe."

"Ranki ya daɗe, mutum ɗaya ba ya haɗa akwati."

"Na faɗa musu. Sun ce leburori za su riƙa kai kaya." Ta dube shi. "Kai da abokinka ne kuka fi kowa daɗewa. Rannan na ga ka karɓi tef a hannunsa ka karanta masa. Idonsa lafiya kuwa?"

Da ya ce lafiya, da maganar ta wuce. Da ma ya ce ta tambayi mai idon. Amma Kawu mutum ne da in an tambaye shi sai ya zube abin da ya sani duka.

"Shekara biyu ke nan ni nake karanta masa," ya ce. "Ƙananan layukan ba ya ganinsu. Yakan ce hazo-hazo yake gani."

Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Tun kafin ya taka matakalar kwantenar ya sauko, ya gane ya yi ɓarna.

Bangon kwantena ba ya riƙe magana. Kafin azahar mai kula da sito ya kai wa Bahago labari. Da Kawu ya shiga ɗaki ya tarar kowa na ɗaure kaya, Bahago ya naɗe tabarmarsa yana cusa guduma da zarto a jaka.

"An ce ka yi mini shaida," Bahago ya ce, bai ɗago ba.

"Tambayata aka yi."

"Na sani. Ai kai ba ka ƙarya. Kowa ya shaide ka."

"Ban san abin da za ta yi da maganar ba."

Bahago ya ɗago ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kai da kake ganin ƙananan layuka?"

Motar da ta kawo siminti ita ta kwashe su su biyar. Kawu ya tsaya a bakin hanya ya ɗaga hannu. Huɗu suka ɗaga masa.

Daga ranar ɗakin ya zama nasa shi kaɗai. Gadaje biyar suka koma ƙarfe tsirara. Da farko ya yi niyyar tura su gefe ya sami fili, sai ya ga ba abin da zai yi da filin. Da safe ya dafa shayi a butar da ta saba cika kofi shida, ya sha ɗaya, sauran ya huce. Sai da ya yi kwana huɗu kafin hannunsa ya koyi rage ruwan.

Mutanen ƙarfe ba su da laifi. Harshensu daban ne, gaisuwa kawai suke haɗawa da shi, shugabansu wani ƙato mai gemu yakan ɗaga masa babban yatsa in sun haɗu a famfo. Suna cin abincinsu a inuwar injin suna ta shewa, shi kuma ya ɗauki nasa ya tsallaka falanki ya koma gindin dutse. Leburori biyu kan kawo masa katako da hantsi, su jibge, su juya da sauri, don can ake nemansu.

Aikin mutum biyu ya koya wa kansa yi da hannu biyu. Inda Bahago kan riƙe masa bakin tef, sai ya kafa ƙusa ya maƙala. Inda ake buƙatar mai tallafe allo, ya tokare da kafaɗa ya buga a karkace. Gefen dutsen ne ya fi cin ransa, don dutse ba ya san miƙaƙƙen layi. Sai ya kara allo, ya bi kusurwoyin dutsen da fensir, ya sauko ya yanke, ya hau ya gwada, ya sauko ya rage. Allo ɗaya kan ci masa hawa biyar. Sau da yawa yakan ji bakinsa ya ce, "Mita ɗaya da ashirin," da ƙarfi, ya jira a maimaita masa. Ba mai amsawa sai tsuntsayen da ke kiwo a bakin kwata.

Waya ba ta kamawa sai a kan tulin tsakuwa. Kowace la'asar sakaliya yakan hau can ya kira matarsa.

"Malam, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci? Kar ka ce mini burodi. Muryarka ma ta burodi ce."

Ya yi dariya kaɗan. Ta ba shi labarin famfon da ke ɗiga, da jikarsu da ta fara haƙori tana cizon kowa. Sai ya tambayi abin da ya hau tsakuwar dominsa.

"Ƙanwata ta leƙo?"

"Ba ta zo ba. Ni na je. Ta karɓe ni lafiya lau, ta ba ni kujera, muka yi hirar kowa da kowa ban da kai."

"Shi fa?"

"Yana tsakar gida yana gyaran kujerun maƙwabta. Ya gaishe ni. Malam, da ka iya kama bakinka."

"Gaskiya na faɗa."

"Ai ban ce ƙarya ka yi ba."

Kwana goma sha ɗaya ya yi kafin akwatin ya tsaya, mita huɗu daga ƙasa. Saura ɗamara, wato katakan da ake gittawa ta waje a ɗaure akwatin da su don kada nauyin kankare ya buɗe shi. Wannan aikin Bahago ne tun asali. Kawu kan kasance a sama yana daidaita bakin akwati da zare, ya bar shi a ƙasa yana ta ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe da waƙe-waƙensa. Bai taɓa tsayawa ya kalli yadda yake yi ba. To amma ga takarda, ta ce ɗamara kowane rabin mita. Ya auna rabin mita cif-cif, ya ɗaura takwas, ya kafa tokara ta jingina da dutse. Injiniya ta tsallako ta duba da nata ma'aunin, ta ce ya yi, ta sa hannu.

Ranar zubi aka shimfiɗa bututu daga motar kwaɓa kankare har tsallake. Mutanen ƙarfe suka zo taimako, ɗaya ya hau sama da injin girgiza kankare. Kawu yana ƙasa yana zagayawa, yana shafa allunan. Suka yi sanyi, suka fara gumi ta haɗin. Aka wuce rabi lafiya. Wajen kashi biyu cikin uku sai ya ji wani ƙaf, kamar an taka busasshen reshe. Ya duba kusurwar da ke jikin dutse, ya ga allo ya yi ciki kamar tulu.

"A tsaya! A tsaya!"

Kafin mai bututu ya gane abin da yake faɗa, tokarar ta zame daga jikin dutsen, allon ya tsage, kankare ya ɓalle. Ya bugi Kawu a gwiwa ya zaunar da shi. Mai gemu ne ya fizgo shi ta wuyan riga. Mutumin da ke sama ya rungumi rodi yana ihu, har aka sa masa tsani ya sauko. Ba wanda ya ji ciwo. Amma abin da aka zuba duka ya malale a gindin dutse, sai da aka jawo injin ruwa aka yi ta wanke rodin kafin ya daskare a jiki.

Kawu ya zauna a kan wani guntun katako, wandonsa ya yi tauri da siminti, yana jiran faɗa. Da an yi masa faɗan da ya fi masa sauƙi. Injiniya ta zo ta tsuguna a gabansa, takalminta duk laka.

"Baba, ka ji ciwo?"

"A'a."

"Ni ma na duba na sa hannu. Laifin namu ne mu biyu. An zana takardar nan don sabon katako ne, naka kuwa ya sha zubi uku." Ta share goshi. "Na yi magana da su. Yanzu sun yarda a ƙara kafinta. Ka kira abokinka."

Ya hau tulin tsakuwa tun rana na tsaka. Ya kira sau biyu ba a ɗauka ba. A na uku ƙanwarsa ce ta ɗauka.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Yana kusa?"

"Yana nan. Ya ce in ji ko mene ne."

Kawu ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ya ji ta juya tana maimaitawa, ya ji muryar Bahago can nesa, ƙasa-ƙasa.

"Ya ce an ji ciwo?"

"Ba wanda ya ji."

"Ya ce alhamdulillahi. Ya ce ɗamara nawa ka sa daga ƙasa zuwa gwiwa?"

"Ɗaya. Yadda takarda ta ce."

Sai ya jiyo dariyar hancin nan.

"Ya ce tunda kuke bai taɓa bin takarda a ƙasa ba. Nauyin duk a ƙasa yake taruwa. Daga ƙasa zuwa ƙugu taƙi ɗaya-ɗaya yake sawa, sai a sama yake sakewa." Ta dakata tana saurare. "Ya ce kowane allo ka ƙwanƙwasa shi da ƙotar guduma, wanda ya amsa maka a dushe ka yar, ya gaji. Ya ce kuma ba a jingina tokara da dutse, a huda dutsen a kafa rodi, sannan a tokare."

"Ki ce masa an yarda ya dawo. Mota za ta zo jibi."

Wannan karon ba ta maimaita da sauri ba. Ya ji suna magana, muryarta na hawa, tasa ba ta motsa ba.

"Yaya."

"Na'am."

"Ya ce mai ido ya yi."

Ya daɗe a tsaye a kan tsakuwar bayan wayar ta mutu. A ƙasa injin ɗaga kaya na juyawa da wani bangon ƙarfe, mutane na ɗaga masa hannu suna nuna inda zai sauke. Shekara ashirin da shida yana ɗauka shi ke jan aikin, Bahago na bi da guduma. Ashe akwai abin da ake yi a ƙasan ƙafarsa kullum, bai taɓa sunkuyawa ya gani ba.

Injiniya ta nemi wani kafinta a garin da ke kusa, ba wanda ya yarda ya bar shagonsa don aikin mako guda. Kawu ya ce ta bari.

Ya warware akwatin gaba ɗaya, ya jera allunan a kan yashi. Ya ɗauki guduma ya fara ƙwanƙwasawa. Duk amo ɗaya yake ji. Ya ƙwanƙwasa wanda ya tsage, ya ƙwanƙwasa sabo fil da aka kawo, ya koma, ya sake komawa. Leburori suka zo da kaya suka tarar da dattijo a zaune yana buga katako yana kara kunne, suka kalli juna suka tafi. Sai wajen azahar kunnensa ya buɗe. Mai lafiya yana amsawa tas, gajiyayye kuwa sai ya yi wani buf, kamar an bugi matashin kai. Allo bakwai ya fitar, cikinsu har da waɗanda ido ba zai taɓa zargi ba.

Ya ari injin huda dutse a wurin mai gemu. Mutumin ya biyo shi da kansa ya huda masa ramuka shida, ya tafi. Kawu ya kafa rodi, ya sake yanke allunan gefen dutse, hawa biyar-biyar kamar da. Da ya zo kan ɗamara ya ajiye tef a aljihu, ya buɗe tafin hannu ya auna da taƙi. Sai ya tuna hannun Bahago ya fi nasa faɗi. Ya ce a ransa ba laifi, in an matse ai ba a yi asara ba.

Kwana tara wannan karon. Ranar biyar zazzaɓi ya ɗan taɓa shi, ya kwanta da rana a ɗakin kwano yana jin zafi na sauka daga rufi, ba mai miƙo masa ruwa. Ya tashi da kansa ya ɗebo, ya sha magani, ya koma. Da ya kira matarsa bai faɗa mata ba.

"Malam, yaushe za ka dawo?"

"In ya tsaya."

"In bai tsaya ba fa?"

"Sai in sake."

Ranar zubi na biyu ya roƙi Injiniya a zuba kaɗan-kaɗan, a riƙa hutawa. Ta yarda. Ya durƙusa a kusurwar dutse, tafinsa a jikin allo, yana jin nauyin na sauka ta cikin katako. Akwatin ya yi nishi sau biyu. Ruwan siminti ya tsattsafo ta wani haɗi, ya toshe da takardar buhu. Da mutumin sama ya yi fito alamar an cika, Kawu ya dafa dutse ya miƙe.

Bayan kwana uku ya ɓamɓare katakon. Ginshiƙin ya fito sumul, ba rami ba kumburi, zanen jijiyar katako kwance a jikinsa. Injiniya ta zo ta dafa, ta auna, ta ce, "Sannu, Baba." Mutanen ƙarfe sun riga sun koma ɗora manyan ƙarafan saman gada, ba wanda ya waiwayo. Ya cire ƙusoshi daga allunan, ya jera su a sito, ya share ɗakin, ya bi motar siminti.

Ya kwana biyu a gida kafin ya iya zuwa gidan ƙanwarsa. Matarsa ce ta miƙa masa hula ta ce zaman ya isa haka.

Bahago na zaune a tsakar gida a kan benci, kujera kife a cinyarsa, yana laluben ramin ƙafarta da yatsa. Ya rame kaɗan.

"Sannu da zuwa, Malam," ya ce. Bai taɓa kiransa Malam ba.

Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi hanya. Ƙanwar ta kawo ruwa ta koma ɗaki ta bar ƙofa a buɗe.

"Ya tsaya?" Bahago ya tambaya.

"Ya tsaya."

"Allo nawa ka yar?"

"Bakwai."

Bahago ya gyaɗa kai. "Da ni ne, tara."

Kawu ya juya kofin a hannunsa. Ya shirya magana mai tsawo a mota, duk ta gudu.

"Ban kyauta maka ba," ya ce.

Bahago ya shafa gam a ƙafar kujerar, ya cusa ta, ya buga da tafin hannu sau biyu. Suka zauna haka, har inuwar bango ta iso ƙafafunsu. Kawu ya ga ba za a ƙara ba, ya miƙe ya yi sallama. Bahago ya ce a gaida gida.

Ƙanwarsa ta rako shi bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rage murya.

"Mun je asibiti. Yanar ido ce, duka biyun. Ranar Alhamis za a yi masa aikin ɗaya. Sun ce sai da wanda zai riƙo shi ya dawo, ni kuma ba na iya hawa da sauka da shi a mota."

"Shi ya ce in zo?"

"Bai ce ba. Ni na ce."

"In ya ƙi fa?"

"Yaya, ido a ɗaure zai fito. Ba zai san hannun wa ya kama ba sai kun hau titi."

Kawu ya tambaye ta ƙarfe nawa, ta ce takwas na safe. Ya gangara zuwa inda ake jiran mota. Ba kowa a rumfar sai wata mata da kwandon kaya. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana jira.